Garka da Tsakar Gida: Waiwaye Kan Tarihin Shuka Mai Jure Fari Daga Ƙofar Wambai

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin Ƙofar Wambai ta birnin Bauchi cikin watan Maris, lokacin da hunturu ya janye, bazara ta kunno kai, idan ya ɗaga ido ya dubi saman katangun gidaje zai ga abubuwa biyu. Zai ga tankunan roba da aka ɗora bisa ƙarafa suna jiran ruwa, zai kuma ga kawunan itatuwa sun leƙo daga tsakar gida: maina a nan, zogale a can, jefi-jefi kuma gwanda ko dabino. Wani tankin yakan kwana uku babu ɗigo a cikinsa, amma itatuwan suna nan tsaye, alhali rabon da sama ta zubo musu ruwa tun watan Oktoba.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu waiwayi tarihin waɗannan itatuwa da sauran tsirran da ke rakiyarsu. Abin da muke son nunawa shi ne, mutanen birni irin Bauchi sun daɗe da mallakar wata dabara ta raya shuka da ruwa kaɗan, dabarar da ta ginu a kan sanin ƙishirwar kowane tsiro da kuma ajiye shi a inda ya dace, kuma wannan dabara ta fara suɓuce mana ne daidai lokacin da wasu al'ummomi suka fara nemanta ido rufe. Sai mai karatu ya lura, Ƙofar Wambai da muke magana a kai ta Bauchi ce, ba takwararta ta Kano mai babbar kasuwa ba, ko da yake za mu leƙa Kanon nan gaba.

Ƙasa da Ruwa

Bauchi ba hamada ba ce. A shekara takan sami ruwan sama kimanin milimita 1,000, wanda ya ɗara na Kano da Katsina da Sakkwato. Matsalar tana ga yadda ruwan ke zuwa: kusan dukkansa yakan sauka ne tsakanin Mayu da Satumba, daga nan sai wata shida ko bakwai na rani. Sa'an nan kuma garin yana zaune ne bisa tsohon dutse mai tauri, wanda kawunansa ne muke gani a Warinje da Dutsen Tanshi da sauran duwatsun da suka kewaye gari. Har ma akwai wani nau'in dutse da masana ilmin ma'adinai suka laƙaba wa sunan garin Bauchi, saboda a nan aka fara tantance shi. Irin wannan dutse ba ya shan ruwa kamar rairayi. Ruwan ƙasa yana maƙalewa ne a cikin ruɓaɓɓen sashen da ke samansa da kuma tsagoginsa, shi ya sa rijiyar da ke tumbatsa a watan Agusta za a iske ta koma sai an yi kwalfa a watan Afrilu.

Ke nan tambayar da ke gaban mai shuka a wannan gari, tun kaka da kakanni, ita ce: wane tsiro ne zai iya haye waɗannan watanni bakwai, kuma da wane ruwa?

Ganuwa da Abin da ta Kewaye

Malam Yakubu, ɗan asalin Gerawa kuma almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa birnin Bauchi a shekarar 1809, bayan ya yi zama a Inkil. Ganuwar da aka kewaye birnin da ita ta kai tsawon kilomita 10 da rabi. Wasu ƙofofinta sun ɗauki sunayen garuruwan da suke fuskanta, kamar Ƙofar Inkil da Ƙofar Tirwun, ita kuwa Ƙofar Wambai sunan sarauta ta ɗauka. Bajamushen nan Eduard Vogel ya ziyarci garin a 1855, ɗan'uwansa Gerhard Rohlfs kuma a 1867, har ya ƙiyasta mutanen birnin da 150,000. Mu dai muna ganin ya cika gishiri a wannan lissafi, amma ko rabin haka ne, baki ne masu yawa da ke bukatar miya kullum.

Ba al'adar magina birni ba ce a ƙasar Hausa su ja ganuwa daidai bakin gidaje. Sukan bar fili mai yawa a ciki. Kyaftin Clapperton, da ya shiga Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Hikimar a fili take. Idan abokan gaba suka tsare ƙofa, ko talakawan karkara suka gudo cikin birni da dabbobinsu, dole a sami inda za a yi shuka da kiwo. Bauchi kuwa ta san wannan hali, domin bayan rasuwar Yakubu a 1845, zamanin ɗansa Ibrahim, ta sha fama da hare-haren Ningawa shekara da shekaru.

Akwai wani abu kuma da ganuwa ke haifarwa wanda ba a cika ambatonsa ba. Ƙasar da aka yi ginin da ita, da wadda ake yaɓe da ita duk shekara, da ta gina gidaje, daga cikin gari ake haƙo ta. Ramukan da aka bari su ne kududdufai. Da damina sukan tare ruwan da ke gangarowa daga unguwanni, su riƙe shi har cikin rani, yana tsatsafowa sannu a hankali zuwa rijiyoyin maƙwabta. Ba mu ce kududdufi ba shi da aibi ba, gidan sauro ne, kuma ya ci 'ya'yan mutane da dama. Sai dai shi ne rumbun ruwan birni, kuma a gefensa ne ake samun ɗanyen ganye lokacin da ko'ina ya bushe.

Lambu, Garka da Tsakar Gida

Ya kamata mu bambance wurare uku, domin harshen kansa ya bambance su.

Lambu shi ne na fadama ko bakin rafi, inda ruwa ke kusa. A nan ake noman rani na albasa da alkama da gauta da barkono, ana ɗebo ruwa da jigo, wato doguwar sanda mai nauyi a gindi da guga a kai. Ko a nan ɗin ma, da yake kowane guga da ƙarfin damtse ake ɗaga shi, ba a wasa da ruwa. Manomin da ya tayar da kunya da damina don kada ruwa ya kwanta wa shuka, shi ne da rani zai yi fangali mai zurfi da ɗan bango kewaye don kada ɗigo ya tsere. Sunan unguwar Fadamar Mada a Bauchi yana tuna mana irin wannan wuri, ko da yake yau gidaje ne suka fi yawa a can.

Garka kuwa, wadda a karin harshen yamma take nufin lambun kansa, a nan muna nufin ɗan shingen da ke bayan gida ko gefensa. Shukar garka ta damina ce: kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, karkashi, kabewa, da duma mai hawa danga. Ba a yi mata ban-ruwa, kuma babu mai sa ran ta kai rani a tsaye. Abin da ake yi shi ne a tsinke, a yanyanka, a shanya, a daka, a adana. Busasshiyar kuɓewa da garin kuka da busasshen karkashi da ɓawon zoɓorodo, duk damina ce aka naɗe aka ajiye a tukunya. A ganinmu wannan shi ne ginshiƙin dabarar baki ɗaya, kuma shi ne abin da baƙo ba ya gani. Idan ya zo da rani ya tarar da garka fayau sai ya ce mutanen nan ba su iya lambu ba, bai san lambun yana rataye a ɗakin uwargida ba.

Shingen garkar ma shuka ne. Akan kafa reshen aguwa ko bini-da-zugu ko dashi a jere, su kama ba tare da an ba su ruwa ba. Biyun farko akuya ba ta cin su, saboda ƙaiƙayi da gubar da ke cikin ruwansu. Wanda ya taɓa dasa itace a gari mai awaki ya san cewa rabin aikin lambu tsaro ne.

Wuri na uku shi ne tsakar gida, kuma nan ne fagen mata. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ruwan da ya shigo gida ba ya fita sai ya yi aiki biyu. Ruwan alwala, da na wanke hatsi, da na ɗauraye ƙore, da wanda ke tsatsafowa daga gindin randa, da wanda ke bin makwarara daga wurin wanka, kowanne akwai tsiron da aka ajiye a hanyarsa. Gwanda, wadda ba ta da haƙurin ƙishirwa, ita ake kai wa bakin makwarara. Lemun tsami yana kusa da rijiya. Zogale da lalle, masu haƙuri, suna can jikin katanga inda sai an tuna da su. Babu wanda ya zana wannan tsari a takarda, amma duk wanda ya tashi a tsohon gida cikin birni, in ya rufe ido zai gan shi.

Zogale ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Asalinsa daga arewacin Indiya ne, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin sunayensa, bagaruwar Makka, yana nuna ta gabas Bahaushe ya ɗauka ya fito. Saiwarsa tana da kauri kamar rogo, a nan yake ajiyar ruwa. Ana iya shuka ƙwayarsa, ana kuma iya sare reshe kamu biyu ko uku a kafa a ƙasa farkon damina, kafin shekara ta zagayo ya wuce tsawon mutum. In aka daddatse kansa sai ya yi rassa a ƙasa-ƙasa inda hannu zai kai. Idan kuwa yana samun ko da ruwan buta ɗaya a rana, zai ba da ganyen kwaɗo a tsakiyar bazara, lokacin da ganye ya fi tsada a kasuwa. Matan ƙauyukan bakin Nilu a Sudan har tace ruwa mai laka suke yi da dakakkiyar ƙwayarsa. Shekaru da yawa ana kallonsa abincin talaka, sai da masana abinci na ƙasashen waje suka yabe shi muka fara ganin garinsa cikin kwalabe a kantuna.

Bayan waɗannan akwai manyan itatuwa na ƙofar gida da dandali da gona: kuka mai tara ruwa a cikin kututturenta, tsamiya, kanya, ɗorawa, kurna, magarya, aduwa, giginya, da cediya da durumi waɗanda su ma reshe ake kafawa. Yawancinsu suna zurfafa saiwa su kai inda damshi yake, wasu kuma su kakkaɓe ganye da rani don rage asarar ruwa. Mu masu nazarin adabi muna da wata shaida a kan matsayinsu, wato sunayen wurare. Kukawa, wadda Shehu Laminu na Barno ya kafa a 1814, daga kuka ta samo suna. A Kano akwai Kurna da Tsamiyar Boka da Durumin Iya da Cediyar 'Yan Gurasa, a Sakkwato akwai Giginya da Gawon Nama. Ba a sa wa unguwa sunan abin da zai mutu baɗi. Hatta camfin nan da ke cewa kuka da tsamiya gidan iskoki ne, ko me mutum zai ce game da shi, ya hana gatari da yawa sauka.

Zuwan Turawa da Baƙin Itatuwa

Turawan Ingila sun ci Bauchi a farkon shekarar 1902. Daga cikinsu akwai waɗanda suka tsaya suka koyi abin da suka tarar. Wani likita mai suna Dalziel, wanda ya tattara tsirrai masu yawa a ƙasar Katagum, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, kuma har yau sunan kimiyya na itacen hano yana ɗauke da sunansa. Abin lura shi ne, sunayen da amfanin da ya rubuta daga bakin manoma da masu magani ya ji su.

Amma abin da ya fi tasiri a idon jama'a shi ne gidan Bariki. Can aka ga wani sabon nau'in lambu wanda ba a cin komai a cikinsa: furanni a jere da shimfiɗar ciyawa da ake so ta zauna kore har da rani. Wannan ado an tsara shi ne don ƙasar da ake yayyafi kusan duk wata. A nan kuwa sai da ma'aikata masu jigilar ruwa a garwa safe da yamma. Da 'yan boko suka gaji gidajen, sai suka gaji ciyawar tare da su, ta zama alamar wayewa. Da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, aka shiga gina ofisoshi da rukunin gidajen ma'aikata, wannan fasali aka bi, ba na tsakar gidan cikin gari ba.

Baƙon da ya fi kowa cin nasara shi ne maina, wadda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, mutanen Nijar kuma bedi. Ita ma 'yar Indiya ce. Ta shigo Nijeriya a 1928 ta Lardin Barno, daga nan hukumomin En'e suka yaɗa ta a bakin tituna da kasuwanni da makarantu. Dole a yaba mata: tana saurin girma, tana jure fari, tana riƙe ganye lokacin da ake tsananin bukatar inuwa. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa ta Nijar, layukan maina da aka fara dasawa a 1975 sun kare gonaki daga iskar da ke kwashe ƙasa. Sai dai maina ba ta ba da miya, kuma ba kasafai wani abu ke tsirowa da kyau a ƙarƙashinta ba. A gidaje da yawa ta maye gurbin itatuwan da ke ba da inuwa da abinci a lokaci guda, don kawai ita ba ta sa mutum jiran shekara goma.

Sai kuma famfo. Babu mai hankalin da zai yi kewar zamanin da mata da yara ke kwana a bakin rijiya. Madatsar ruwa ta Gubi da rijiyoyin burtsatse sun sauƙaƙa rayuwa ƙwarai. Amma ruwan da ba a ɗauko a ka ba, ba a lissafa shi. Makwararar da a da take ƙarewa a gindin gwanda, yanzu bututu ne ke fitar da ita zuwa kwata. Garin sabulun wanki na zamani kuma yana da gishirin da ke ƙona shuka idan ya taru, don haka ko mai son bin tsohuwar hanya sai ya ware ruwan alwala da na ɗauraya daga na wanki.

Abin da Fari ya Koyar

Ƙasar Hausa ba baƙuwar yunwa ba ce. Tsofaffi sun riƙe sunan Kakalaba, ta 1913 zuwa 1914, kuma a irin waɗannan shekaru tafasa da ganyen kuka da 'ya'yan aduwa da goruba su ne suka tsayar da rai. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 su ne suka sa gwamnatoci suka farka, aka shiga gangamin dashen itatuwa kowace damina. Mun ga yadda akasarin irin wannan dashe ke ƙarewa: a dasa da kiɗa da jawabi a watan Yuli, kafin Fabrairu akuya da ƙishirwa sun raba shi tsakaninsu.

Darasin da ya fi ƙarfi daga arewa da mu ya fito, inda ruwan sama bai kai rabin namu ba. A yankin Maraɗi, daga 1983, wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sassabewa duk shekara tohon tsofaffin kututture ne masu rai, da saiwarsu a ƙasa tun tuni. Maimakon a sayo dashe, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare saura. Manoma suka kira abin sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a fili mai faɗin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Babban gwarzon wannan aiki shi ne gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya kuma yi kore da rani ya ba dabbobi 'ya'ya. Ba sabon sani ba ne wannan, domin ana ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 suka tanadar wa mai sare gawo.

A yankin Illela ta jihar Tawa kuma, daga ƙarshen shekarun 1980, manoma sun farfaɗo da fako ta hanyar tassa: ƙananan ramuka da ake haƙawa da rani, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki tafi ɗaya ko biyu a ciki. Gara takan biyo takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin ya nutse maimakon ya gudu. Sun ga ingantaccen salon ne a Yatenga ta Burkina Faso, ƙasar Yakuba Sawadogo, manomin da ya rasu a 2023. Shi da Rinaudo sun sami wata babbar lambar yabo ta duniya a Suwidin a 2018. Duk wanda ya san fangali zai gane tassa da gani ɗaya.

Har a Amurka ma an zo wannan gaɓa. A 1981 hukumar ruwa ta birnin Denver ta ƙirƙiro suna na musamman, daga kalmar Girkanci mai ma'anar busasshe, don tsarin lambu mai ƙarancin ban-ruwa. Sharuɗɗansa su ne a haɗa tsirrai masu ƙishirwa iri ɗaya wuri ɗaya, a gyara ƙasa da taki, a rufe gindin shuka don kada damshi ya tsere, a rage ciyawar ado. A jihar Nebada har biyan mutane ake yi su tumɓuke ciyawar ƙofar gidansu, kuma a 2021 aka yi dokar hana ta a wuraren da ba ta da wani amfani sai kallo. Wato su suna biya a cire abin da mu muke sayen ruwan tanka don mu raya.

Komawa Bakin Ƙofa

Jihar Bauchi tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin nan na Tarayyar Afirka na kafa katangar itatuwa a bakin Sahara, wanda aka amince da shi a 2007, ya shafa. Wannan aiki ne na daji da gona. A cikin birni kuwa, abin da ke barazana ga tsohon tsari ya fi fari kusa. Ganuwa ta zaizaye, gidaje sun haye mafi yawanta. Filayen da ta kewaye sun zama fuloti. Kududdufai da yawa an cike su da shara an yi gini a kai, ruwan da suke tarewa kuma ya koma bin tituna da ɗakunan mutane. Gidan da kaka ya bari da faffaɗar tsakar gida, in aka raba gado sau biyu, sai a tarar inda zogale yake ya zama ɗakin haya. Ɗan abin da ya rage kuma a malale shi da siminti don gudun taɓo, ruwan sama ya rasa ta inda zai shiga ƙasa, rijiyar gidan ta ƙara nisa.

Duk da haka, mai zagaya lungunan da ke bayan Ƙofar Wambai zai ga abin bai mutu ba. Zai ga zogale a cikin tsohuwar taya, da lalle a fasasshen bokiti, da ɗan dashe da aka kewaye da tubali ko ƙaya, da buhun siminti cike da ƙasa da takin awaki an shuka yakuwa a ciki. Yawanci tsofaffin mata ne ke wannan hidima, kuma da ruwan alwalarsu suke yi.

A wani zangon karatu da ya wuce, muna nazarin sunayen tsirrai a cikin karin magana, muka nemi ɗalibai su faɗi itatuwan gida da za su iya ganewa in sun gan su a tsaye, ba a faranti ba. Maina da mangwaro kowa ya sani. Kuka ma an sani, albarkacin girmanta. Da aka zo kan kanya da kurna da magarya sai aji ya yi tsit. Wata ɗaliba, haifaffiyar cikin gari, ta ce ita dai ta sha aduwa tun tana ƙarama a wurin masu talla a ƙofar makaranta, amma ta ɗauka daga ƙasa ake tono ta kamar gujiya.